Maganin Tsinka Jini: A Koya wa Majinyaci a Asibitin Unguwarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan wasu magunguna da masu shansu ke ƙaruwa a cikinmu, amma bayaninsu bai kai inda ya kamata ba. Su ne waɗanda jama'a ke kira maganin tsinka jini, wato wafarin da danginsa. Galibi manyan asibitoci ne ke ɗora mutum a kansu, irin asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato. Amma majinyaci ba a can yake kwana ba. Gida yake komawa, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ko haƙori ya hana shi barci, ƙaramin asibitin unguwa yake nufa, ko kemis ɗin bakin titi. Yawancin ɓarnar da wannan magani ke yi a nan take aukuwa, don haka a nan ya kamata karatun ya fi ƙarfi.

Sunan ma kansa yana ruɗa mutane. Maganin ba ya tsinka jini, kaurin jinin mai shansa ɗaya ne da na kowa. Abin da yake yi shi ne jinkirta daskarewa. Hanta tana amfani da bitamin K wajen ƙera wasu sinadarai huɗu da ke sa jini ya dunƙule, shi kuwa wafarin sai ya tare wa bitamin ɗin hanya. Wanda aka ce wa kawai "ga maganin tsinka jini" yakan koma gida da fargaba, dangi su ce jininsa zai ƙare, a sayo masa maganin ƙarin jini, ko a ce ya dakata da shan har ya ji ƙarfi. Gara ma'aikacin lafiya ya ce masa: "Baba, wannan yana hana jini yin gudaji a inda bai kamata ba." Sannan a ƙara masa cewa ƙwayar da ya sha yau, sai bayan kwana 2 zuwa 3 aikinta ke bayyana, kuma ba abu ba ne da zai ji a jikinsa kamar yadda ake jin maganin ciwon kai ya kama. Shi ya sa wanda aka gano masa gudajin jini a ƙafa ake haɗa masa da allurar hefarin, maganin hana daskarewar jini mai kamawa da wuri, na aƙalla kwana 5 kafin a bar shi da ƙwayar kaɗai.

Akwai kuma wata magana da ko ba daɗe ko ba jima sai wani ya faɗa masa, cewa ai maganin ɓera ne. Gaskiya ne, kuma gara ya ji daga bakin ma'aikaci. A jami'ar Wiskonsin ta Amurka aka samo shi, bayan binciken abin da ke sa shanu zubar da jini idan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. A 1948 aka fara sayar da shi don kashe ɓeraye, a 1954 aka amince a ba mutane a gwargwadon awo, kuma a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya samu bugun zuciya. Awo ne ya raba maganin da gubar.

Kafin majinyaci ya tashi daga kujera, ya kamata ya iya faɗin abu uku da bakinsa: dalilin da ya sa aka ba shi, tsawon lokacin da zai sha, da lambar da ake so gwajinsa ya tsaya a kai. Mai bugun zuciya mara tsari, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wurinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau 5, kuma wafarin na rage kusan kashi biyu cikin uku na wannan haɗari, don haka shansa yawanci na dindindin ne. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato aka maye masa ƙofar zuciya da ta ƙarfe, zai sha har ƙarshen ransa, ba hutu. Mai gudajin jini a ƙafa ko huhu, aƙalla wata 3 ne, likita ya duba ko za a ci gaba. Akwai matasan da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa ƙofofin zuciya, da matan da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa har jini ya dunƙule a cikinta, cutar da tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawanta a ƙasar Hausa. Duk waɗannan ba tsofaffi ba ne, kuma su ne suka fi saurin cewa sun warke su ajiye magani.

Lambar da muke magana ita ce ta gwajin INR, wanda ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Jinin wanda ba ya shan komai yana bayar da kusan 1. Yawancin masu shan wafarin ana so su tsaya tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul na ƙarfe kuma tsakanin 2.5 da 3.5. Ƙasa da haka, gudaji na iya fitowa. Sama da haka, jini na iya ɓallewa. A farkon shan magani ana gwajin bayan 'yan kwanaki, sannan mako-mako, in ya daidaita sai a koma wata-wata, wani ma a kai shi har mako 12. Inda ƙaramin asibiti ke ɗiban jini ya aika wani wuri, sai a kula: 'yar kwalba mai shuɗin murfi ake zubawa, a cika ta daidai layin da ke jikinta. Idan aka zuba rabi, ruwan da ke cikin kwalbar ya rinjayi jinin, sakamako ya fito sama da gaskiya, a rage wa mutum magani ba gaira ba dalili. Kada a saka ta cikin ƙanƙara, kada a bar ta a rana, kuma ta isa ɗakin gwaji a ranar.

Yanzu ga wurin da muke so a fi tsayawa, wato ƙwayar kanta. Mutanenmu da launi suke gane magani. "Ja ɗin nan nake sha, ɗaya da daddare." To wafarin da aka yi bisa tsarin Ingila, ruwan ƙasa miligiram 1 ne, shuɗi 3, ruwan hoda 5. Wanda aka yi bisa tsarin Amurka kuwa, ruwan hoda miligiram 1 ne, shuɗi 4. Wasu kamfanonin duk farare suke yi. Kasuwar maganinmu kuma daga ko'ina ake kawo mata kaya. Ke nan mutumin da ya saba da hoda mai miligiram 1, aka aiki yaro kemis ya sayo hoda mai 5, zai riƙa shan ninki biyar yana ganin bai sauya komai ba, sai bayan mako guda dasashi ya fara jini. Don haka a koya wa majinyaci da mai kula da shi karanta lambar da ke jikin kwali ko bayan katin ƙwayar. Ma'aikaci ya ce a zo da maganin gaba ɗaya a leda duk ranar asibiti, ya zazzage a kan tebur, ya ce: "Hajiya, nuna mini abin da kika sha jiya da daddare." Abin da ta ɗora a tafin hannunta shi ne gaskiyar awonta, ko da takarda ta faɗi wani abu dabam.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu su ma su lura. A ɓangaren ƙasashe masu amfani da Faransanci an fi saba rubuta Sintrom mai miligiram 4. Aikinsa iri ɗaya ne da na wafarin, amma awonsu ba ɗaya ba ne. Ba a musanya ɗaya da ɗaya miligiram da miligiram, kuma ba a haɗa su. An fi samun wannan kuskure idan na gida ya ƙare aka sayi na can, sannan aka dawo aka ci gaba da duka biyun.

A sha sau ɗaya a rana, a lokaci guda. Bayan sallar isha'i ko magariba ya fi sauƙin riƙewa, kuma yana ba da damar a gyara awo a ranar da sakamakon gwaji ya fito. Wanda ya manta ya tuna a daren, ya sha. In sai washegari ya tuna, ya bar na jiya ya wuce, ya rubuta a katinsa, kada ya haɗa biyu don rama bashi.

Sai maganar sauran magunguna, kuma nan ne ƙananan asibitoci da masu kemis ke da hannu dumu-dumu. Flagyl da Septrin, waɗanda ake bayarwa kamar gyaɗa ga duk mai gudawa ko tari, suna daga cikin mafi haɗari, domin suna hana hanta fitar da wafarin, INR ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki. Haka fulukonazol da ake ba mata don ƙaiƙayin gaba, da sifurofuloksasin, da eritiromaisin. Idan ba makawa sai an ba da ɗayansu, a sake gwajin INR bayan kwana 3 zuwa 5. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, da dikulofenak, da Feldene, da asfirin, su kuma ta wata hanya suke cutarwa: suna ƙwarzane bangon ciki, suna raunana ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, sai mutum ya zubar da jini a ciki alhali lambar gwajinsa lafiya lau. Haɗin nan da ake ƙulla wa manoma da leburori a leda, maganin gajiya, da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Farasitamol shi ne abin sha, shi ma idan za a yi kwanaki ana shan cikakken awo a faɗa wa likita. Asfirin kuwa sai in likitan zuciya ne ya haɗa da gangan.

Maganin tarin fuka akasin haka yake yi. Rifamfisin da ke cikinsa yana sa hanta ta cinye wafarin da sauri, har a ninka wa mutum awo kafin lambarsa ta kai inda ake so. Haɗarin yana ranar da aka gama watanni 6 na maganin tarin: an daina rifamfisin, hanta ta koma yadda take cikin 'yan makonni, majinyaci kuwa yana nan yana shan babban awon wafarin. Tunda a ƙananan asibitoci ake raba maganin tarin fuka, mai rabawa ya tambayi kowane sabon majinyaci ko yana shan maganin hana daskarewar jini, ya kuma sanar da likitansa ranar farawa da ranar gamawa. Maganin farfaɗiya irin su kabamazafin da fenobabiton su ma suna rage ƙarfin wafarin. Allura a tsoka, wadda mutanenmu ke ganin ta fi ƙwaya aiki, a guje ta in akwai wata hanya, domin jini na iya taruwa a cikin tsokar ɗuwawu ya kumbura. Ciwo shi kansa ma, kamar zazzaɓi da gudawa da rashin cin abinci na kwana biyu uku, yana ɗaga INR ko ba a sha komai ba.

A kan abinci, muna ganin ana yawan tsananta wa mutane ba bisa ƙa'ida ba. Sai a ce wa majinyaci ya daina cin ganye gaba ɗaya. Wanda miyarsa kuka ce yau, gobe yakuwa, jibi kwaɗon zogale, in ka hana shi ganye me ka bar masa? Ko dai ya ƙi jin maganarka, ko ya bi ya rame. Koren ganye irin alayyafo da zogale da rama da kabeji yana ɗauke da bitamin K, wannan haka yake. Abin da ake buƙata shi ne kada cin ya riƙa hawa da sauka. Ya ci yadda ya saba, a daidaita masa awo a kan haka. Matsala tana zuwa ne idan damina ta faɗi ganye ya yi arha aka koma cinsa safe da yamma, ko wani ya ba shi shawarar shan garin zogale cokali-cokali don hawan jini. A irin wannan lokaci a matso da ranar gwaji. Jiƙe-jiƙe da tsimi da magungunan gargajiya, ba wanda ya san awon abin da ke cikinsu, don haka a tambaya cikin mutunci, ba da tsawa ba. In ka yi wa dattijo faɗa a kan sassaƙe, ba zai daina sha ba, zai daina faɗa maka ne kawai.

Wanzami ma yana cikin lissafi, kuma takardun bayanin da aka fassaro daga Turai ba su san da shi ba. Ƙaho, da tsaga, da cire belu, da cire haƙori a kasuwa, duk yanka ne, kuma mai shan wannan magani jininsa ba ya tsayawa da wuri. Ƙaho dai a haƙura da shi. Wurin aski a ce wa wanzami ya bi a hankali. Asuwaki a tauna shi ya yi laushi sosai. Cire haƙori a asibiti yana yiwuwa ba tare da an dakatar da magani ba idan an gwada INR ya fito daidai, amma likita ne zai yanke, kada majinyaci ya dakatar da kansa.

Da azumi ya gabato, a yi gwaji kafin a kama, a sake bayan mako ɗaya ko biyu, domin cima tana sauyawa gaba ɗaya. Wafarin bai da wahala, a sha bayan buɗa baki.

Mata masu shekarun haihuwa kuwa, maganarsu ba a yin ta a gurguje ko a gaban jama'a. Wafarin yana ratsa mahaifa, yana iya lahanta halittar jariri musamman tsakanin mako na 6 da na 12, lokacin da wata ma ba ta tabbatar tana da ciki ba. A gaya mata tun ranar farko: in al'ada ta yi jinkiri, ta zo a yi gwajin ciki a makon, kada ta jira watan awo, kada kuma ta yanke maganin da kanta, musamman mai bawul na ƙarfe. Likita zai duba ko a mayar da ita kan allurar hefarin. In da hali a yi wannan bayani da maigidan a zaune, tare da maganar tazarar haihuwa. Shayarwa ba ta hana shan wafarin. Jinin al'ada yakan ƙaru, in ya kai tana sauya ƙunzugu kowace awa ko tana jiri, ta zo.

Alamomin haɗari sai an faɗe su da kalmomin da mutane ke amfani da su, domin kowace tana da wani suna da ake fakewa da shi. Jini a bayan gida, a ce basir ne. Jini a fitsari, a ce tsargiya ce. Haɓo, a ce hunturu ne. Ga mai shan wannan magani babu ɗaya da za a yi wa uzuri. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta da wari, aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, tabon taruwar jini a fata ba tare da an buge ba, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, duk na tafiya asibiti ne a take. Wanda ya faɗo daga babur ya bugi kai, ko da ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce ba komai, a kai shi, domin jini na iya tsiyaya a cikin ƙoƙon kai a hankali sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara magagi. Haɓo kuma a nuna masa a aikace: ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, ya matse wuri mai laushi na hanci da yatsa biyu minti 10 cur da agogo, ba tare da saki yana leƙawa ba. Ɗaga kai sama da aka saba yi, jinin ne kawai ke komawa maƙogwaro. In bai tsaya ba, asibiti.

Makarin wafarin bitamin K ne, irin wanda ake yi wa jarirai a ɗakin haihuwa, don haka ƙaramin asibiti ba ya rasa hanyar samunsa. A ƙa'idar da aka saba bi, INR sama da 5 ba tare da zubar jini ba, a tsallake awo ɗaya ko biyu a sake gwaji. Sama da 8, a ba da ɗan bitamin K ta baki, miligiram 1 zuwa 5, bisa umarnin likita. Mai zubar da jini sosai kuwa, a danne wurin, a sa masa ruwa, a tura shi inda ake da jini da ruwan jini, a rubuta sunan magani da lokacin da ya sha na ƙarshe a takardar turawa.

Sababbin magungunan hana daskarewar jini, ribarokzaban da afikzaban da dabigatiran, sun shigo kasuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rukuninsu cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Ba su bukatar gwajin INR, ba ruwansu da ganye. Amma suna da tsada, kuma aikinsu na gushewa cikin kwana ɗaya, don haka mai tsallake rana don ya ja kwali ya kai ƙarshen wata yana kwana ba kariya. A yi maganar kuɗi ƙarara tun kafin a fara. Ribarokzaban mai miligiram 15 ko 20 sai da abinci yake shiga jiki sosai. Afikzaban sau biyu ne a rana. Dabigatiran ba a fasa kwansonsa, ba a juye shi a wata kwalba. Dukkansu sai an riƙa duba ƙoda, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Mafi muhimmanci, ba na mai bawul na ƙarfe ba ne. Haka mai bugun zuciya mara tsari da ya samo asali daga lalacewar ƙofar zuciya ta ciwon maƙogwaro: binciken INVICTUS da aka wallafa a 2022, a kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna waɗanda ke kan wafarin da irinsa sun fi waɗanda ke kan ribarokzaban tsira da rai. Irin majinyatan da suka cika asibitocinmu ke nan, saboda haka kada ɗan uwa mai hali ya sauya wa mutum magani don an ce na zamani ne.

Roƙonmu ga hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohi bai da tsada. A buga ɗan kati da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da sunan magani, dalilin sha, lambar da ake nema, awon kowace rana, sakamakon gwaji, ranar dawowa, da lambar wayar asibitin da ya rubuta. A Ingila ɗan littafi ne mai ruwan ɗorawa, majinyaci na yawo da shi a aljihu. Kowane ƙaramin asibiti ya buɗe rajistar masu shan maganin a yankinsa, wanda bai zo gwaji ba a kira shi. A sama wa aƙalla asibiti ɗaya a kowace ƙaramar hukuma na'urar gwajin INR ta ɗigon jinin yatsa, wadda ke ba da sakamako cikin minti ɗaya ko biyu, domin kuɗin mota zuwa birni ne ke hana mutane gwaji fiye da kuɗin gwajin kansa. A kira masu kemis na yankin a zauna da su, su saba da tambaya ɗaya kafin su miƙa maganin ciwon jiki ko Flagyl. Shi kuma ma'aikaci kada ya juye wannan karatu duka a zama ɗaya ga wanda aka sallamo jiya. Ya raba shi zama uku ko huɗu, da mai dafa wa majinyaci abinci a gefe, kuma maimakon "kin gane ko?", wadda amsarta kullum "na gane" ce don kunya, ya ce: "Inna, in kin koma gida aka tambaye ki me na ce a kan haɓo, me za ki ce musu?"

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da masu harhaɗa magunguna,
Kano.